Muryar Haman a Lasifika

Briqueterie, Yawunde

Yaya Adawiyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yata Rauda, ya kuma zafin Marwa. Na kira wayarki har na gaji, shi ya sa na ba Hamadu direban motar albasa wannan takarda. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta.

Mijina Haman ya rasu ranar Juma'a da hantsi, yau kwana goma sha biyu. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe a kwance ba.

An gaya mini wajen jana'iza liman ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa, mutanen unguwa suka ce sun yafe. To me za su yafe, Yaya? Su mai wankin hula suka sani, wanda ke zama a bakin layin mahauta ba ya ɗaga kai. Ba su san Haman ɗan siyasa ba, wanda ya riƙe wa 'yan bindiga garinmu wata bakwai bayan sun kama garin. Shekara tara muna nan, sau uku ana roƙonsa ya yi kiran salla da ladan bai zo ba, sai ya nuna maƙogwaro. Ko ni sai na matso nake jin abin da yake faɗa.

Ana gobe zai rasu ya riƙe hannuna ya ce, "Saliha, ki roƙar mini Adawiyya." Shi ne nake roƙo. Ina cikin takaba, ba halin in zo in durƙusa a gabanki. Ga goron sadakarsa nan a ƙulle cikin ganye. Ki karɓa, ki ce kin yafe masa kafin arba'in.

Ƙanwarki,
Saliha


Marwa

Zuwa ga Saliha,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, goro ma ya iso. Ina yi miki ta'aziyya, domin ke 'yar uwata ce, kuma na san ɗacin wannan rana.

Kin ce muryarsa ta mutu a Yawunde. A kunnena tana nan. Kwananmu goma sha takwas a kan dutse bayan mun gudu, muna cin ganye, amma da ranmu. Sai ga motar nan tasa ta yawon neman ƙuri'a tana zagaya gindin dutsen da lasifika: "Jama'a, ni ne Haman naku. Ku sauko, an yi alkawari ba wanda za a taɓa." Da baƙuwar murya ce da ko motsi ba mu yi ba. Mijina Misbahu ya ce mini, "Mijin ƙanwarki ne, ba zai kira mu ga halaka ba." Ya saɓa Rauda a kafaɗa muka sauko.

A filin makarantar da Misbahu ke koyarwa aka ware maza, su talatin da ɗaya har da shi, aka tafi da su. Mijinki yana tsaye a gefe cikin farar babbar riga, kansa a ƙasa.

Bara Rauda ta tambaye ni yadda muryar babanta take, na kasa tunowa. Ta mijinki kuwa zan iya maimaita miki ita, har wurin da ya tsaya ya yi tari.

Ke an wanke miki naki, an yi masa sutura, kin san inda yake kwance. Ni har yau ba wanda ya gaya mini ranar da ya kamata in fara takaba.

Goron yana nan, ban kwance shi ba. Allah ya ba ki haƙuri.

Adawiyya


Briqueterie, Yawunde

Yayata,

Salama da gaisuwa. Na karanta takardarki sau huɗu, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma akwai abin da ban taɓa gaya miki ba.

Ranar da 'yan bindigar suka shigo gari, Haman ya riga ya sa takalmi za mu bi ku dutse. Ni na tare ƙofa. Inna tana kwance, ƙafarta ba ta taka ƙasa, ba mai iya hawa da ita. Na ce in ya tafi ya bar ni da uwata a hannun mutanen nan, ban yafe masa ba. Ya dube ni, ya cire takalmin. Washegari suka zo suka ce tunda shi jama'a suka zaɓa, shi zai riƙe musu garin.

Ya sa aka buɗe rijiyar kasuwa da suka rufe. Ya karɓo 'yan mata huɗu daga hannunsu, ɗaya tana ɗinki nan kasuwar Mokolo, ta zo mini gaisuwa tana kuka. Ranar lasifika kuma 'yan bindigar sun dafa Alƙur'ani a gabansa cewa ba wanda za su taɓa. Rigar da kika gani ni na goge masa ita, ina murna za ki sauko ki ga Inna.

Yakan ce mini yarda da su ya yi. Wata rana yana wanke hula ya ce shi kansa bai sani ba, ko yarda ce ko tsoro.

Ban ce ba shi da laifi ba, Yaya. Amma ni na hana shi fita, ki ɗora mini rabona. Wanda ya rage ki sauke masa, ko da baki ne kawai, zuciya ta biyo baya. Saura kwana tara arba'in. Kullum in na idar da salla sai in ji kamar yana tsugune a bakin ƙofa yana jiran abin da zan kawo masa.

Ki shafa mini kan Rauda.

Ƙanwarki mai roƙo,
Saliha


Marwa

Saliha,

Wa alaikumus salam. Maganar tare ƙofa na daɗe da saninta, Inna ta gaya mini kafin ta rasu. Ban taɓa riƙe ki a kanta ba. Amma ba ke kika riƙe lasifika ba.

Jiya Juma'a na kwance goron. Na raba shi a ƙofar masallaci da sunan Misbahu da mutum talatin ɗin da ba a taɓa yi wa sadaka ba. Bai isa ba, sai da na ɓara.

Kalmar da kike nema na buɗe baki zan faɗa, ban same ta ba.

In kin fita takaba ki zo, akwai wurin kwana. Ki zo ke kaɗai.

Allah ya sa ki gama lafiya.

Yayarki,
Adawiyya