Kujerar Bayan Motar Nura

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya maigidan da yara, ya kuma ƙarin haƙurinmu?

Akwai abin da na kasa gaya miki a waya. Kin san yadda autanmu Nura ya ƙwallafa rai a kan tseren motarsa na farko, a filin da aka share bayan ƙauyen Kwalkwalawa. Ya canza birki da tayoyi, ya sayo hular kwano, har kujerar baya ya kwance wai don nauyi ya ragu. Na yi ta faɗa, yana dariya: "Yaya, ana gamawa zan mayar."

Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, motar nan kaɗai ke gida. Babu wurin kwantar da shi, sai tabarma muka shimfiɗa bisa ƙarfe, Inna na riƙe da kansa har asibiti. Bai ga ranar tseren ba.

Kujerar tana zaure har yanzu, a kanta ma masu ta'aziyya suka zauna. Inna ta ce in mayar da ita. Na ɗauko sifana, na kasa. Shi ya ce zai mayar.

Ki gaida kowa. Ki sa shi a addu'a, ni ma ki roƙa mini dangana.

Ƙanenki,
Sani