Katin da Na Ci a Gasa Ya Haɗiye Muryar Aminina

Assalamu alaikum, Malam mai filin shawara. Don girman Allah ka taimaka mini, kuma kada ka sa wasiƙata a bayan ta kowa, domin al'amarin nan ba ya jira. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka tura ni gona. 'Yata Rahmatu ce ke rubuta wannan, ita ce kuma ke karanta mini amsoshinka a wayarta. Na ce mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta gyara mini komai, don na san halinta.

Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Minjibir. Shekaruna ban san adadinsu ba, amma da wayona ake kai gyaɗa birni a kan jakuna. A garinmu in rigimar iyakar gona ta tashi, ko ana son sanin wa ya haƙa wace rijiya, wane gida ya fara sauka, wa ya haifi wa, ni ake nema. Da mu biyu ne, ni da aminina Muhammadu Sani. Ni na fi shi riƙe zuriya, shi ya fi ni sanin ƙasa: wace tsamiya ce iyaka, ina tsohuwar maƙabarta ta tsaya, ta ina burtali ya bi kafin a nome shi. In na kauce ya dawo da ni, in ya yi ƙari in ƙaryata shi a gaban kowa. A haka muka tsufa muna musu.

Ina da ɗan ƙani, Abdulhadi, magidanci ne da iyalinsa. Yana da shago a cikin Minjibir, yana buga wa mutane takardu yana haɗa hoton biki. Shi ya kawo shawarar ya riƙa zuwa ran Juma'a bayan an sauko yana ɗaukar mu a bidiyo muna ba da tarihi. Da farko na ƙi. Sai Muhammadu Sani ya yarda, na ga in na bar shi shi kaɗai zai ɓata wa mutane kakanninsu, dole na zauna. Muka yi damina guda da rani guda ana ɗauka. In wayarsa ta cika sai ya juye a kwamfutar shago ya share. Ka ga ke nan komai yana wuri ɗaya.

Ashe ya yanko wani guntu, inda muke musu a kan rijiyar bakin kasuwa, ya aika wa wata ƙungiyar matasa a birni da ta sa gasa. Muka zo na ɗaya. Muhammadu Sani bai ji wannan labari ba, Allah ya yi masa rasuwa kafin a sanar. Ni aka kai birni, aka miƙa mini kwali ana tafi. Na zaci injin ban ruwa ne ko rediyo. Da aka buɗe sai ga wani baƙin ƙarfe, bai kai kamu ɗaya ba, da fanka biyu a jikinsa. Abdulhadi ya karɓa ya jujjuya shi. Ya ce katin hoto ne, shi ke ɗaukar hoto a cikin kwamfuta, da shi zai haɗa bidiyonmu gaba ɗaya ya fito tas. Na kai wa mai unguwa ya gani, liman ya sa albarka, na kai gidan marigayi matarsa Ummu Salma ta shafa shi ta yi kuka. Na yi mata alkawari za ta ga mijinta ta ji muryarsa.

To, Abdulhadi ya ce sai ya canza wani abu na wuta a kwamfutar kafin ta iya ɗaukar katin, a ba shi lokaci. Ya so ya ajiye a shago, na ce a'a, ni aka ba. Kuma Malam, Allah ya sani ban yi masa riƙon wasa ba. Ɗakina akwai gara, akwai ɓera. Sai na sa shi inda ba abin da ke shiga, cikin gangar waken da nake ajiyewa har bazara. Kwalin ya ƙi shiga bakin gangar, sai na zare shi, na cire wata leda mai ƙyalli da aka sa shi ciki, na naɗe shi da tsohon rawanina. Na sa ƙwayar maganin ƙwari yadda muke yi, har na ƙara ɗaya saboda shi, na toshe bakin ruf. Tun kaka yake ciki. Da na fito da shi ko ƙura babu, sai ɗan kore-kore da ya fito a gefen haƙoransa na ƙasa, na goge da bakin riga. Abdulhadi bai tambaye ni inda na ajiye ba, ni kuma ban ga dalilin faɗa ba.

Ranar da za a sa shi na je shagon da kaina. Ya buɗe cikin kwamfutar ya cusa shi, ya kunna. Fankokinsa suka juya. Sai gilashin ya cika da zane-zane ja da kore kamar atamfa, can sai duhu. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, duhu. Ya buga wa mutanen gasar waya, suka ce a kawo shi kafin ƙarshen watan nan su duba, in lalatacce ne su nemi a canza. Ya ɗauko abin kwance ƙusa zai zare shi, na riƙe masa hannu.

Ka duba mini da hankalinka, Malam. Abdulhadi da bakinsa ya ce wannan abin ke ɗaukar hoto. Kafin a sa shi, ana kunnawa ga Muhammadu Sani nan yana nuna ni da sanda. Da aka sa shi, babu Muhammadu Sani. To ina ya tafi in ba cikinsa ba? Yanzu kuma a ce in bari a zare shi a kai birni, daga can wa ya san ina, wanda ban sani ba ya buɗe shi ya wanke? Abdulhadi ya yi ta rantsuwa wai hotunan suna wani ɓangare dabam. Amma ai shi ne ya rantse cewa abin zai fito tas. Sannan ni tunda nake ban taɓa mayar wa mutum kyauta na ce tasa ba ta da kyau ba. Ko akuya gurguwa aka ba ka, godiya ake yi. Da wane ido zan kalli yaran nan da suka tafa mini?

Sai na sa aka ɗora mini kwamfutar a acaɓa na kawo ta gida. Tana ɗakina na lulluɓe ta da bargo, makulli yana aljihuna. Shagon Abdulhadi a rufe yake. Matarsa ta zo ta durƙusa, na ce ta tashi. Mahaifinsa ya rasu, babu wanda zai tsawata mini, kuma na san ana cewa tsufa ne ya taɓa ni. Su faɗa.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne makon jiya. Gida biyu suka kawo mini rigimar iyaka ta wajen fadama. Na buɗe baki, na lissafa musu kakanninsu tiryan-tiryan, amma da aka zo kan wace bishiya ce iyaka sai na tsaya. Wannan ɓangaren na Muhammadu Sani ne. Na san ya faɗa, ina zaune kusa da shi ya faɗa, har na ce masa ƙarya ne. Yanzu na neme ta a kaina babu. Na sallame su na ce ba ni da lafiya. Ummu Salma kuma kullum sai ta aiko a tambaye ni yaushe. Abinci ba ya shiga mini, Malam. Na binne aminina sau ɗaya, ba zan iya a ce ta hannuna aka sake rasa shi ba.

Ka gaya mini gaskiya, kai da ba ka da riba a ciki. Aminina yana cikin ƙarfen nan ko ba ya ciki? Akwai mai iya fito da shi ba tare da an raba shi da idona ba? In ka ce in ci gaba da kullewa, zan kulle har in mutu.

Dattijo mai makulli, daga ƙasar Minjibir.

Amsa

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Sani, ya sa ya huta. Ka nemi gaskiya, ga ta: amininka ba ya cikin katin nan. Na tambayi masu gyaran kwamfuta biyu kafin in amsa maka, kuma bakinsu ɗaya. Katin hoto ba ya ajiye komai. Aikinsa ya karɓi abin da ke ajiye ya nuna shi a gilashi, kamar yadda fitila ke nuna maka kayan ɗaki. In ta mutu ɗakin ya yi duhu, amma kayan suna nan. Bidiyonku yana cikin wata ma'ajiya dabam a cikin kwamfutar. Ba zan rantse maka ba tunda ban gani ba, amma mafi rinjaye yana nan lafiya. Ko da kwamfutar ce ta samu matsala, ana iya ciro ma'ajiyar a karanta ta a wata.

Ban ga laifinka a kan tsoron da ka ji ba. Abin da idonka ya gani ka bi, kuma wanda ya ajiye aikin damina da rani a wuri ɗaya tak, bai yi kwafi ba, shi ma ya yi sakaci. Wannan na Abdulhadi ne, ya ji. Amma a maganar inda hotunan suke, shi ke da gaskiya, kuma ka rufe wa mai iyali hanyar abincinsa. Bargo da ɗaki mai gara ma ba wurin kwamfuta ba ne. Kullewar da kake yi ita ce haɗarin yanzu.

Ba na so ka yarda da ni ko da shi a kan magana kawai. Ka sa a mayar da kwamfutar shago, ka bi ta da ƙafarka. A gabanka zai zare katin, ya miƙa maka, ka sa a aljihunka. Sannan ya mayar da wayar da ke haɗa kwamfutar da gilashi yadda take a da, ya kunna. In Muhammadu Sani ya fito alhali katin yana jikinka, ka samu amsa da idonka. In bai fito ba, kada kati ya je ko'ina, ku ɗauki kwamfutar tare ku kai wa mai gyara, kana zaune a duba ma'ajiyar. A ranar da ya fito, kafin kowa ya tashi, a kwafe shi a wuri biyu ko uku. Ɗaya a hannunka, ɗaya a gidan marigayi.

Sai maganar ganga, kuma ka yi haƙuri da ni. Niyyarka kyakkyawa ce, amma ƙwayar da ke kashe ƙwarin wake iska take fitarwa, iskar nan kuwa tana cin jan ƙarfen da ke cikin kayan lantarki. Kore-koren da ka goge alamarta ce. Ledar da ka cire ma kariya ce. Mai yiwuwa katin ya zo da lahaninsa tun farko, tunda ba a gwada shi ba, babu mai iya yanke hukunci. Amma mai yiwuwa gangar ce. Ka gaya wa Abdulhadi yau, ku kuma gaya wa waɗanda suka ba ka. Kada a karɓi sabo a kan ɓoye wannan. Mutumin da gari ke zuwa wurinsa neman gaskiyar iyaka ba zai so haka ba.

Kai musu shi ba raina kyauta ba ne. Su suka ce a kawo, kuma burinsu abin ya yi aiki. Ka je da kanka da kwalin kafin wa'adin ya cika, ka fara da godiya, ka faɗi yadda aka yi. In sun canza, alhamdu lillahi. In sun ce ba zai yiwu ba, ka gode musu ka dawo, ba ka rasa komai na tarihinku ba. Kwamfutar da ta nuna ku a da za ta iya haɗa bidiyon, sai dai a hankali.

Abu na ƙarshe, Baba. Abin da ya same ka a gaban masu rigimar fadama gargaɗi ne. Rabin da ke kanka har yanzu ba a gama ɗauka ba, kuma babu mai gyaran da zai iya ciro shi in ya tafi. Ka kira ɗanka ku shirya, ya dawo da zaman Juma'a tun wannan makon, ko da waya ce kawai.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sanyaya zuciyar Inna Ummu Salma, ya daidaita tsakaninka da ɗanka. Ka ciro makullin nan gobe da safe.

Malam Kamaruddeen