Damin Da Na Kai Godiyar Kaka

Salamar Ubangiji a gare ku, masu shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma kada ku yi mini hukunci kafin ku kai ƙarshe. Wawan labarin nan dai ni ne, da furfurata da komai. Bokona a aji huɗu ya tsaya, amma wajen wayo na ɗauka digiri gare ni.

Ni Kirista ne, a wani ƙauye wajen Makoda, cocinmu ɗan ƙarami. Duk shekara muna godiyar kaka, kowa ya ɗauko damin dawa ya ajiye gaban bagade, a yi addu'a, a raba wa matan da mazansu suka rasu. Bana Allah ya ba ni, rumbu har yana nishi. Amma gefen gona burtuntuna ta taɓa, cutar nan da ke mai da ƙwaya baƙin gari. Sai na ce a raina, a zubar? Na jera lalatattun a tsakiya, na lulluɓe su da zangarku masu kyau, na ɗaure tamau. Na shiga coci ina rangaji, mata na guɗa, Fasto na cewa, "Ku dubi damin Baba!" Har addu'ar godiya ni aka ba, na ja ta kamar ba za a ci abinci ba.

Wa damin ya faɗa wa? Rifkatu, matar marigayi aminina, wanda aka yi mana baftisma rana ɗaya. Ni kuwa bahago ne, duk garin ba wanda bai san ƙullina ba.

Da Lahadi ta zagayo ta miƙe ta ba da shaida, ta ce ta gode wa Allah da abin da ya ba ta. Ko kallona ba ta yi ba. Tun ranar, in na rufe ido zan yi addu'a, aminina nake gani tsugune yana kwance damin a hankali, hannunsa baƙi ƙirin. Ba ya faɗa, kallona kawai yake. Yaya mutum zai ce "mun gode" da bakin da ya yi wa Allah ƙarya? Ga Jibin Ubangiji na matsowa, ranar da muke cin gurasa mu sha daga ƙoƙo don tunawa da Ubangiji, kuma ni ke miƙa wa jama'a ƙoƙon.

To me zan yi, jama'a? In tashi gaban ikilisiya in tona kaina, ko akwai wata hanya? Kada ku ce in kai mata wani a ɓoye, na gwada jiya. Na sauke mai kyau a ƙofarta ina washe baki, na ce, "Rifkatu, ga 'yar rara."

Ta dubi ƙullin, ta ce, "Baba, wancan ai ba ni ka kawo wa ba. Wanda ka kai wa, shi za ka je ka canza wa."