Kafaɗa ta Huɗu

Tudun Wada, Zariya
9 ga Safar, 1345

Daga Kailani zuwa ga ɗansa Nagoda a Kumashi. Gaisuwa da yarda da aminci. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da iyalinka. Innarka Hajo na nan, sai ciwon gwiwa. Ƙanwarka Lauratu ta yaye ɗanta. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ni da allo tun a izun Sabbi muka yi sallama, kowa ya kama gabansa ba tare da kewar ɗan'uwansa ba.

Bayan haka, abin da ka ji gaskiya ne, an kore ni daga aikin masinja. Ka aiko cewa in tattara in zo wurinka in huta. Bari ka ji yadda aka yi tukuna.

Ran wata Alhamis akawu ya ba ni takarda in kai tasha kafin jirgin Ikko ya tashi. Na kusa Kubanni sai na iske mutum uku tsaye kan makara, suna ta waige-waige. Mamacin lebura ne daga wajen Katagum, ko sunan ubansa ba wanda ya sani. Jama'a na ta wucewa, kowa na sauri. Ka san unguwar nan ta baƙi ce, shekara shida ina gaida maƙwabcina bai taɓa tambayar garinmu ba. To, mu da muka tashi a kan cewa ba a wuce gawa, sai na cusa takardar a hula na ba da kafaɗa. Da muka isa maƙabarta aka rasa mai sallatarsa, duk aka zuba mini ido. Rashin farin wata tauraro ke haske. Ubanka ya yi limanci, Nagoda, da kaki da komai. Muna cikin zuba ƙasa na ji kukan jirgi.

Baturen ofishinmu bai yi faɗa ba. Ya sa akawu ya gaya mini wai gawa tana jira, jirgi ba ya jira. Na so in ce gawa ma ba ta jiran rana, sai na tuna ba a tambaye ni ba. Suka karɓe hula da kaki, na dawo gida da ɗan tofin da na aro a hannun wani. Shekara shida ina gudu a ofishin nan, a ranar na gane ba wanda ya san sunana sai "masinja". Innarka ta kwana biyu tana fushi da ni, daga baya ta ce ai dama rayayyu ba su taɓa ƙaruwa da ni ba, gara in gwada matattu.

Na kuwa bi shawararta. Yanzu a maƙabartar nake wuni, gindin tsamiya, tare da Ɗantsoho mai haƙar kabari. Ba agogo, ba mai kira da ƙararrawa. In baƙo ya mutu a bariki ko a gidan haya, ni ake aiko wa, wanka da salla. Har Malam suke ce mini, ni kuma ba na gyara musu. Tuwo ya ragu a gidan, ba zan ɓoye maka ba, wani lokacin kuma in na rufe wani sai in tsaya ina lissafin wa zai ɗauki tawa.

Saboda haka ba zan zo ba. In na tafi, masu ɗaukar makara su uku za su koma. Kada ka aiko da goro bana, haƙoran ma sun ƙare. Ka aiko da farin alawayyo turmi ɗaya, don yawancinsu da rigar jikinsu kawai suke zuwa. Zan yanke kamu goma daga ciki in ba innarka ta ajiye a ƙasan adaka, ta san na wane ne.

Ka gaida Rakiya da yara, da kawunka Muntaka in kun haɗu. Allah ya sa mu gana, in ba a nan ba, to a inda ya fi.

Ni ne ubanka,
Kailani