Na'urarku Ta Kira Rakiya Ɓarauniya, Alhali a Gabana Ta Yi Rubutun

Zuwa ga Shugaban shirin karatu ta intanet da aka kawo makarantunmu na Arewa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ni ne Mushe Salisu Garba (Mushe, yadda ake kiran malami a nan), malamin Faransanci a wani kolej da ke yankin Kore Mairuwa. Na rubuto a fili ne domin sau biyu ina aika kuka ta manhajarku, kuma amsa iri ɗaya ke dawowa nan take, ta godiya da alkawarin dubawa. Na gane ba mutum ke karantawa ba.

Na ɗaya. Ban ƙi ƙirƙirarriyar basira ba. Ajina cike yake, ita ke taya ni shirya darussan nahawu, kuma yaran da ke jin nauyin tambaya a gabana suna tambayarta. Yawancin abokan aikina ma haka suke gani.

Na biyu. Ina da ɗaliba a ajin ƙarshe, Rakiya. An ce kowa ya bayyana aikin da ya sani. Gidansu babu babbar waya, don haka bayan an tashi ta zauna a gabana ta rubuta a littafinta yadda ita da mahaifiyarta ke ban ruwan albasa da rani, lokacin da uban ke cirani. Ina kallo tana gogewa tana gyarawa. Da wayata ta tura. Na'urarku mai duba aikin ɗalibai ta ce rubutun ya fi ƙarfin ɗan ajinta, wai kwafa ta yi. Ta ba ta sifiri, ta rufe mata shafi. Mako uku ke nan ba ta samun darussan shirin jarrabawar gama kolej.

Na uku. A wannan ajin dai, yara uku suka sa wata na'urar ta rubuta musu. Ɗayansu ya bayyana girbin tuffa, shi da bai taɓa ganin itaciyar ba. Duka ukun sun ci da yabo.

Na hau motar haya zuwa ofishinku na Dogon Dutsi da littafin a hannu. Ma'aikacin da na tarar ya karɓe ni da mutunci, ya karanta, ya yarda nata ne, sannan ya shaida mini ba shi da ikon canza makin da na'ura ta bayar. Ranar kasuwa mahaifiyar yarinyar ta tare ni bakin makaranta tana tambaya ko gaskiya ne an kama 'yarta da sata. Na rantse mata ba haka ba ne. Rakiya kuwa, da ita ce ke fara ɗaga hannu, yanzu layi biyu take rubutawa ta ajiye alƙalami, don kada a sake zarginta.

Ina roƙo a buɗe mata shafinta cikin makon nan, mutum ya duba aikinta. Kada a sake hukunta ɗalibi sai an ji daga malaminsa. Kuma a rubuto wa mahaifiyarta takarda cewa 'yarta ba ta saci komai ba, ni zan je har lambu in karanta mata.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.

Mushe Salisu Garba