Rigimar Hula da Inuwa

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Inna, ta saki? Ya maigidan da yara? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya yi min rowa.

Kin tambayi abin da nake karantawa har yau. Tsofaffin finafinai ne da ake kira nuwar, wato baƙin fim da Faransanci: ɗan sanda maciyin hanci, mace mai daɗin baki da bindiga a jaka, ruwan sama da hayaƙin sigari. Aikina shi ne in tantance wanne ke ciki, wanne ke waje.

Malamina ya ce in babu malafa a kan jarumin da inuwa a bango, ba shi ba ne. Malamar da ke kwamitin duba aikina ta ce, "Bar shi da hularsa. In jarumin ya tsira, cire fim ɗin." Na rubuta don shi, ta soke. Na gyara don ita, ya maido min.

A ganina, fim ne na wanda ya san ba zai kai labari ba, amma kullum yake goge rigarsa ya fita. Da na gaya musu haka, suka ce wane masani ne ya faɗa.

Wata mai zuwa ne zaman ƙarshe na kwamitin. In ba su daidaita ba, izinin zamana a ƙasar nan zai ƙare, in dawo ba takardar digiri. Don Allah ki lallaɓi Baba ya daina kirana Dakta a gaban abokansa. Kada ki faɗa masa dalili, ki ce kunya nake ji.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki