Wa Yake Shayar da Jahannamiyyarmu?

Zuwa ga Atine, hasken idona, sanyin randa da rana tsaka, ƙanshin ƙasar Gadarif ranar da ruwan fari ya sauka a kanta, ke da nake kiran sunanki a hankali don kada ya ƙare mini a baki da wuri. Sallama irin ta wanda ya dawo daga nesa da kewa fal ƙirjinsa, tare da gaisuwa ga Baba da Inna. Bayan haka, habibti, ki nemi wuri ki zauna, domin takardar nan ba da dariya ta zo ba.

Shekaranjiya na dawo daga Fashaga. Riɗi mun yanke mun kakkaɓe, dawa ta shiga buhu, tafin hannuna duk ya yi kanta. Lori na sauke ni a tasha, ko gida ban nufa ba, na rataya jakata na biyo ta layinku da ƙura har gira. Ban sa rai zan gan ki ba, na san kunyarki. Katangarku na zo gani. Duk watannin da na yi a sunkuye da lauje, abin da nake gani ke nan in na rufe ido: jahannamiyyarmu, itaciyar furen nan mai ƙaya, ta haye katanga ta zubo waje, jawur, kamar an tuntsurar da tulun karkade, wato zoɓo. Tun daga bakin kasuwa na fara ganin na mutane. Ta masallacin unguwa ta yi fure. Ta gidan Hajja Fatu mai sayar da wainar kisra, wadda awaki suka mayar abin karin kumallo, ita ma ta yi. Na sha kwana, na ɗaga kai. Kore, Atine. Kore shar, ganye kan ganye, rassa sun yi ƙiba suna rangaji, amma ko fure ɗaya babu.

Mai wucewa zai ce masha Allah, shuka ta samu gata. Ni kuwa na gane da matsala, domin na san halin itaciyar nan kamar yadda nake gane tafiyarki daga nesa.

Kin tuna ranar da muka dasa ta? Reshe ne na yanko daga wadda marigayiya mahaifiyata ta bari a ƙofar ɗakinta. Na kafa shi a gwangwanin madara, ina ɓoye shi daga awaki kamar ɗan jariri, har ya yi saiwa. Baba ya ba ni izinin shiga da sharaɗin in gama in fita. Na haƙa rami a gindin katanga, na kwashe baƙar lakar nan tamu mai riƙe ruwa kamar marowaci, na gauraya ta da yashin da na ɗauko daga kwari a bayan keke, da ɗan busasshen takin awaki. Ke kika riƙe gwangwanin ina tsaga shi. Ƙaya ta soke ki a ɗan yatsa, kika sa shi a baki, kika harare ni kika ce, “Ya zol, kai mutumin nan, kyautar taka ke nan? Tun ba ta girma ba ta fara cizo.” Inna tana ƙarƙashin rumfa tana soya gahawar da za ta dafa a butar jabana, ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga kafaɗunta suna rawa. Na fita daga gidanku ranar da laka har gwiwar hannu, kuma sai da na wuce ƙofar gidanmu ban sani ba.

Kafin in fita na gaya miki sirrinta. Tana ƙarama a ba ta ruwa har ta kama ƙasa. In ta kama, a janye hannu. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji danshi ki wuce abinki. Sai ƙasa ta bushe, ganyen ya ɗan sunkuyar da kai da rana, sannan a ba ta ta ƙoshi, a sake ƙyale ta. In aka cika ta da ruwa sangarcewa take yi, ta yi ta ganye, ta manta da fure. Kin riƙe wannan daram. Bara ai ta yi furen da har amaren unguwa suka riƙa zuwa ɗaukar hoto a gindin katangarku. To bana me ya faru? Mantawa kika yi? Ke da har yau ba ki manta ranar da na zo gaishe da Baba da riga a bai-bai ba?

Kuma ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne. Gidan da Inna take ajiye ruwan wankin shinkafa don wanke kwanuka, ta ajiye na kwanuka don yayyafa tsakar gida, ina aka samu na shagwaɓa itace? Daga waje ruwan nan yake shigowa. Na duba ƙasa, sai ga sawun tayar karo da na kofaton jakin da yake jansa a ƙofarku. Ba sawun mai sauke ruwa ya wuce ba ne. Jakin ya gaji da tsayuwa har ya tona rami da ƙafarsa.

Na isa gida na kasa cin abincin da ƙanwata Batulu ta ajiye mini. Na tsare ta sai da ta faɗa. Mutaz ne, in ji ta, saurayin nan da yaƙi ya koro su daga Madani, wanda yanzu yake sayar da ruwa a karo. Kowace safiya in ya cika randunan Inna, sai ya ce akwai saura a barmil, gangar ruwansa, haram ne a koma da shi, ya juye a gindin jahannamiyya. Wai tana tuna masa da ta gidansu da suka baro. Wai Inna tana ba shi shayi. Wai ke kike miƙa masa kofin.

Ke kike miƙa masa kofin, da hannun nan da ƙayar shukata ta fara taɓawa. Da wane ido yake kallonki in zai karɓa? Yatsunsa suna gogar naki? Me yake faɗa da Larabcinsa mai santsi na ’yan birni, har jaki ya tona rami? Wace dariyar kike yi masa, wadda kike rufewa da gefen gyale, ko wadda take kuɓuce miki, wadda nake zaton ni kaɗai na taɓa ji? Saura a barmil! Wane irin barmil ne wannan da ba ya yin saura sai a ƙofar gidan da akwai budurwa? Gidan Hajja Fatu yana kan hanyarsa, ita ma tana da jahannamiyya, kuma tata ta fi jin jiki. Ban ji an ce ya taɓa ɗiga mata ko cokali ɗaya ba.

Jiya da safe na gan shi, ina tsaye a shagon Kamal. Na so in same shi mummuna, wallahi na so. Dogo ne mai natsuwa, yana tafe yana lallashin jakinsa, ko sanda ba ya ɗaga masa. Ya yi mini sallama bai san ko ni wane ne ba, na amsa kamar mai ciwon haƙori. Na san abin da ya same su. Wanda ya baro gidan ubansa daga shi sai kayan jikinsa, ya zo ya kama sana’a bai roƙi kowa ba, ba abin ƙi ba ne. Allah Ya mayar musu da alheri, kuma da zuciya ɗaya na yi addu’ar. Amma kishin yana nan, ya ruhi, yana cin ƙirjina kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Ina tausayinsa, kuma ina so jakinsa ya manta hanyar gidanku.

Akwai maganar da Batulu ta so ta haɗiye, na ciro ta da ƙyar. Wai kin ce, “Yayanki yana zaton ni ma jahannamiyya ce, sai an bar ni da ƙishi zan yi fure. Halas, a gaya masa ni mutum ce.” Atine, wannan ta fi ƙayar zafi. A inda muke yanka, shabaka, wato sabis ɗin waya, sai ka hau kan lori ka ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, kuma na hau ya fi a ƙirga, ta ƙi. Me ya kai ni can in ba ke ba? Don in tsaya gaban Baba da abin da zan nuna na tafi. Ban taɓa gwada ki da ƙishi ba, ya tattabarar zuciyata. Na ɗauka kina jin shiruna yadda nake jin naki. Na yi miki alkawari, in wata tafiyar ta kama, zan taka da ƙafa har inda muryata za ta iso ki, ko da a can rana za ta faɗi a kaina.

Kawu Hussein ya shirya tun kafin in tafi. Ina shiga gaishe shi ya ce, “Alhamdu lillah ala salama. To, mu je mu ga mutanen nan, magana ta yi tsawo.” Har ya sa an wanke jallabiyyarsa an goge. Na ce ya dakata mini. Ba zan tura dattijo ya zauna a tabarmar Baba ya nemi aurenki ba alhali ban san inda zuciyarki take ba.

Da farko na ƙulla wata dabara, har na yaba wa kaina. Na ce zan rubuto miki cewa in ni ne, ki hana shi zuba ruwan, katanga ta yi ja, in gani daga titi in tura Kawu. In kuwa shi ne, ki bar ta kore, in wuce ban ce uffan ba. Babu wanda zai ji kunyar wani. Sai yau da safe na sake bi ta wajen. Ganye masu ruwan ɗorawa sun zubo a gefen titi, na ɗauki ɗaya na ji shi lagwaf. Ƙofarku tana ɗan buɗe, na saci kallo: gindin ya yi caɓi, ruwa kwance. Saiwar ta fara ruɓa, Atine. Yashin da na zuba ba zai iya da barmil na kullum ba. In aka ci gaba haka, koren nan ba zai ga bazara ba. Kin kuma san gara ta cinye ta gidanmu. Wannan kaɗai ta rage daga abin da hannun mahaifiyata ya shuka.

Don haka ki tsayar da ruwan, ko ni ne ko shi ne. In ma shi kika zaɓa, ki koya masa. Ki ce ya ja ɗan layi ruwan ya fice, ya sassauta ƙasar a hankali kada ya taɓa saiwa, ya ƙara yashi, sannan ya ƙyale ta. Ki nuna masa yadda ake tura yatsa a ji danshi. Kada ki ce daga wurina kika ji. Rubuta wannan ya fi mini yankan riɗi da rana tsaka wuya, amma gara in gan ta jawur a hannun wani da in ga busasshen icce a katangarku.

Kin ga na rushe alamata da hannuna. Katanga za ta yi fure, in sha Allah, kuma ba za ta gaya mini komai ba. Zan wuce in ga ja, ban san ko nawa ne ba. Saura bakinki, ya sanyin idona. Ki faɗa wa Batulu, ko “ya zo” ko “ya haƙura”. Jallabiyyar Kawu tana nan a rataye, na hana kowa ya sauke ta.

Naki ne ni, da fure ko babu fure, ko wace amsa Batulu ta shigo da ita, har ranar da za a mayar da ni cikin baƙar ƙasar nan,

Abdulmuminu